Ni dai in bata motsi bana tayawa

Daren jiya na zauna gaban kwamfuta har wajen ƙarfe sha ɗaya ina bin wani gwanjo da akeyi ta intanet, kaya sun haura ɗari uku amma ni abu ɗaya tak ya zaunar dani, wata tsohuwar baromita ce, wato ma'aunin nauyin iska, irin ta ratayewa a bango, katakonta ya sha shekaru har yayi wannan duhun mai sheƙi da sabon katako baya taɓa yi komai man da aka shafa masa. Sunan dake fuskarta babba ne, duk wanda ya ɗan jima a harkar nan ya sanshi. Da aka zo kanta sai mutum biyu suka kama tayi kamar ana korarsu, wannan ya ƙara wancan ya ƙara, ni kuwa ko sau ɗaya ban danna ba. Tun kwana uku kafin nan na rubuta wa masu gwanjon nace don Allah a buɗe min bayanta a duba, bututun yana nan? akwai zaiba a ciki? Amsar da suka bani gajera ce, bututu babu, zare ya tsinke, allura tana tsaye inda aka barta. Toh daga nan na san kallo kawai zanyi, kuma da guduma ta sauka ban ji ko ɗar a raina ba.

Baƙi da yawa in sun shigo ɗakin da nake ajiye su suna ɗauka agoguna ne, wani har ya tambayeni me yasa agogon nan hannunsa baya tafiya. Sai in ce masa ba lokaci take aunawa ba, nauyin iska take aunawa, sai kaga mutum ya kalleni, iska kuma tana da nauyi? Tana dashi ɗan'uwa, mai yawa ma kuwa, kusan kilo ɗaya akan kowane santimita ɗaya murabba'i na jikinka yanzu haka da kake karanta wannan, kawai dai a ciki aka haife mu shi yasa bama ji. Kuma nauyin nan baya zama wuri ɗaya, yau ya ƙaru gobe ya ragu, wannan hawa da saukar ita ce take tafe da hadari ko sararin sama garau. Abin da ya kamani a harkar nan kenan tun farko, wai ace wani mutum ya zauna da hannunsa shekara ɗari da hamsin ko ɗari biyu da suka wuce ya haɗa katako da gilashi da tagulla, shi ya mutu, jikokinsa sun mutu, amma abin da ya haɗa har yau yana jin abin da ni da ke raye bana iya ji, babu batir babu waya babu caji.

Asalin labarin daga famfon ruwa ya faro. A Italiya masu jan ruwa sun daɗe da lura cewa famfon tsotso baya iya ɗaga ruwa ya wuce wajen mita goma, komai ƙarfin mai bugawa, har masanin kimiyyar nan Galileo kansa yayi magana akai. Wanda ya warware ƙullin shi ne Evangelista Torricelli, wanda ya zauna da Galileo a ƙarshen rayuwarsa, a 1643. Yace a bar ruwa a gwada zaiba, tunda ta fi ruwa nauyi sau 13.6. Aka cika dogon bututun gilashi mai toshe a kai ɗaya da zaiba, aka kifa shi cikin kwano mai zaiba, sai ta sauko ta tsaya a wajen santimita 76, saman bututun kuma ya zama fanko, ko iska babu. Me ya riƙe ta bata zube duka ba? Iskar dake danna zaibar cikin kwanon. Shekara biyar bayan nan, a Satumbar 1648, Blaise Pascal a Faransa ya sa surukinsa Florin Périer ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututun, suka bar wani a ƙasa ana gadinsa, na ƙasa bai motsa ba, na saman dutse kuwa ya sauka da kusan inci uku. Duk lokacin da na tuna mutumin nan yana hawa dutse da gilashi da zaiba yana tsayawa yana aunawa sai inji wani irin girmamawa, don duk abin dake bangona daga wannan hawan ya fito.

Ni tawa ta farko ba ma ita naje saya ba. Kwali ne guda na tarkace aka haɗa aka sa masa lamba ɗaya, tsofaffin makullai, gilashin ƙara girman rubutu, wani kamfas da ya fashe, a can ƙasa kuma wani zagayayyen abu na tagulla kamar tafin hannu, duk ya dafe. Babu wanda ya taya sai ni. Da na kawo gida na goge gilashin sai naga ta tsakiyar fuskar a buɗe take, kana hango cikinta, wani ɗan faifan ƙarfe mai layi-layi kamar murfin gwangwani, sifirin a kansa, da wata sarƙa siririya wadda sai ka kanne ido kafin ka ga ƙwayoyinta. Daga baya na san irin wannan ce ake kira anaroyid, wato mara ruwa, wadda wani Bafaranshe Lucien Vidie ya yi wa rajista a 1844. Faifan nan an zuƙe iskar cikinsa an like, in iskar waje ta yi nauyi sai ya ɗan lotsa, in ta yi sauƙi sai ya ɗan taso, motsin da ido baya gani, sai ƙananan ƙarafuna da sarƙar su ninka shi har ya juya allura. Na karanta cewa ana gwada su da leda, sai na samo leda mai haske na saka ta ciki na hura iska na ɗaure bakin tamau, na ɗora tafin hannuna na danna a hankali. Wallahi allurar nan ta tashi ta tafi dama kamar an kira sunanta, na saki ta dawo. Na maimaita ya fi sau goma a daren. Har yau in zanje duba kaya kafin gwanjo akwai leda a aljihuna, kuma ina neman izini kafin in gwada, yawancinsu basa hanawa.

Daga nan ne ido ya buɗe na fara hangen masu zaiba, don su ne manyan. Akwai miƙaƙƙiya kamar sanda, wadda kusan bututun Torricelli ne aka yi wa riga da katako, kana ganin zaibar da idonka kana karanta tsayinta a jikin wani faranti mai zane daga inci 28 zuwa 31. Ita wannan in kana son sanin lafiyarta sai ka ɗan karkata ta a hankali, a hankali fa, har zaibar ta hau ta taɓa ƙarshen bututun, in kaji wani ɗan ƙas mai kaifi kamar ƙarfe ya taɓa gilashi toh saman fanko ne da gaske, in kuwa shiru kaji ko taushi-taushi iska ta shiga, karatunta ba zai taɓa zama daidai ba sai an sake cika ta. Sai kuma mai zagayayyen fuska da dogon wuya, Turawa suna kiranta banjo saboda ta yi kama da wani abin kiɗansu, kamar dai ka rataye gurmi wuyansa a sama. Dabarar Robert Hooke ce, tun 1665 ya zana ta. Bututunta a lanƙwashe yake daga ƙasa kamar ƙugiya, a gajeren hannun wani ɗan gilashi mai nauyi yana zaune akan zaibar, an ɗaura masa zaren siliki ya hau kan 'yar taya ya sauko da wani nauyin a ɗaya gefen, zaiba ta motsa zare ya ja taya ta juya allura. Yawancin waɗanda zaka gani a gwanjon Ingila sunayen Italiyawa ne a jikinsu, don daga ƙarshen ƙarni na 18 masu hura gilashi daga yankin tafkin Como suka dinga ƙaura zuwa can suna wannan sana'ar. Shi kansa Negretti na kamfanin Negretti & Zambra, wanda aka kafa a Landan a 1850, ɗan Como ne.

Kuma anan ne mutane ke zuba kuɗi akan suna. Abin da ba kowa ke faɗa maka ba shi ne sau da yawa sunan dake fuska na mai shagon da ya sayar ne, wanda ya yi katakon daban, wanda ya hura bututun daban, wanda ya zana farantin daban. Bana cewa suna banza ne, in kaga aikin Daniel Quare ko George Adams ko Dollond na ainihi ai ka ga aiki, amma irin waɗannan a manyan gidajen gwanjo kamar Christie's da Sotheby's da Bonhams suke fitowa kuma suna da mutanensu. Mu da muke bin ƙananan gwanjo abin da yafi yi mana amfani shi ne mu koyi kallon abin da kansa.

Ni da tsada na koyi wannan. Banjo ce, ta farko da na taɓa saya, na ganta a hoto kawai na kamu, katakon mahogani da 'yar ƙawa irin ta katantanwa a gefe, ma'aunin zafi a wuya, ƙaramin ma'aunin danshi a can sama, suna na Italiya a ƙasa. Na taya, wani ya ƙara, na ƙara, na wuce iyakar da na sa wa kaina har sau biyu don zuciya ta riga ta ɗauka. Aka sallama min. Na samu mai ɗauko kaya na rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa a tsaye ake ɗaukarta, kada a kwantar, na kira shi na sake faɗa. Ranar da ta iso tun daga yadda naga ya zaro kwalin daga ƙarƙashin wasu kaya a kwance gabana ya faɗi. Na yanka salatif na buɗe, sai ga wasu ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli kamar azurfa suna gudu a cikin ledar da aka naɗe ta, ka taɓa ɗaya ta rabu biyar, su gangara su sake haɗewa. Bututun ya tsage daga lanƙwasar. Na daɗe a tsugune ban ce komai ba, abu ya rayu kusan shekara ɗari biyu ya zo ya mutu a hanyar zuwa wajena, kuma laifin ba na direban kaɗai bane, ya kamata in sa wanda ya san aikin ya toshe gajeren hannun bututun kafin ta bar inda take, ban yi ba don ina ɗokin ta iso.

Tunda na kawo maganar nan bari in faɗa da babbar murya, zaiba guba ce, kuma tururinta da baka gani baka jin warinsa shi ne mugun. In ta zube kada ka share da tsintsiya, kada ka kusanto da injin zuƙe ƙura, duk watsa ta zasuyi. Fitar da yara, buɗe tagogi, cire zobe in na zinare ne don tana cin sa, sa safar hannu, ka tattaro ta da ɗan kwali mai ƙarfi ka zuƙe da sirinji, ƙananan kuma ka bi su da tocila da salatif, ka rufe a kwalba mai murfi ka nemi inda ake karɓar shara mai guba. Ni yini guda na yi a kan wannan. Dokoki ma sun matse, Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a sababbin baromita masu zaiba tun 2009 amma ta bar waɗanda suka riga suka haura shekara 50 a 2007, ga yarjejeniyar Minamata akan zaiba da aka sa wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017, wadda aka sa wa sunan garin nan na Japan da zaiba daga masana'anta ta nakasa mutanensa. Jirgin sama kuwa kada ma ka fara, zaiba tana cin alminiyam, gidan waya da yawancin masu aika kaya basa karɓa. Haka in akwai hauren giwa a jiki, kuma da yawa daga masu kama da sanda farantinsu ko maɓallinsu na haure ne, Birtaniya tana da dokar 2018 da ta fara aiki a Yunin 2022, ta hana sayar da haure in banda wasu tsofaffin kaya, su ma sai an yi musu rajista kafin a sayar, ketare iyaka dashi kuma wata fitinar ce daban. Duk wannan kafin ka taya zaka tambaya, bayan guduma ta sauka kaya naka ne da duk matsalarsa.

Na ɗauki gawar banjon na kai wa wani dattijo mai gyaran tsofaffin agogo da ma'aunai, hannunsa har yana ɗan rawa amma in ya riƙe sukundireba sai ya tsaya cak. Ya kwantar da ita akan tsumma, ya kwance fuskar, yayi shiru yana kallo, sannan yace ɗana matso ka gani. Ya nuna min da bakin allura, ramukan kusa guda uku a jikin katakon da babu abin da ya shiga cikinsu, an cike su da wani abu an shafa launi, ga kuma sababbin ramuka a gefensu. Yace wannan fuskar ba da wannan katakon aka haife ta ba, aure aka ɗaura musu, kuma ba a daɗe ba. Nace Baba kenan sunan ma ba nata bane? Yace sunan na fuskar ne, fuskar kuwa Allah kaɗai ya san daga ina. Ya ga yadda jikina yayi sanyi sai yace amma katakon tsoho ne na gaske, tayar ma tata ce, in ka yarda in sa mata bututu zata yi aiki, ita iska bata karanta suna. Wata huɗu ta yi a wajensa. Yanzu tana nan a bango kusa da ƙofa, kuma cikin duka ita ce ta fi saurin jin canji, in hadari na tafe ita ke fara sunkuyawa. Ba zan taɓa mayar da kuɗina a kanta ba in na sayar, kuma duk wanda ya tambaya ina faɗa masa auren da aka yi mata, amma bana jin zan sayar ɗin.

Wata safiya ƙaramar 'yata ta tsaya tana kallona ina ƙwanƙwasa gilashin da farce, tace Baba wa kake kira a ciki? Nace babu kowa, allurar ce takan ɗan maƙale, in na taɓa sai ta saki ta nuna min inda ta nufa. Na ɗaga ta na nuna mata allura ta biyu, ta tagulla, wadda ake juyawa da hannu a ɗora akan baƙar, gobe in ka dawo sai ka ga ta wane gefe baƙar ta gudu ta bar ta. Ai karatun baromita kenan gaba ɗaya. Kalmomin nan da aka rubuta da Turanci a zagaye, guguwa a inci 28, ruwa a 29, sauyi a 29 da rabi, garau a 30, fari ƙat a 31, ado ne kawai ya fi yawa, an tsara su ne don ƙasa irin Ingila kuma a daidai bakin teku. In gidanka yana sama da teku da mita 300 mai zaiba zata dinga nuna ƙasa da kusan inci guda, sai kaga allura ta tare akan ruwa shekara da shekaru ana rana tsaka. Kusa da ikwaito kuma wani salon ne, motsin kaɗan ne amma kullum sau biyu take hawa sau biyu take sauka, sama wajen ƙarfe goma na safe da goma na dare, ƙasa wajen ƙarfe huɗu na yamma da huɗu na asuba, masanin nan Bajamushe Alexander von Humboldt ya lura da haka a tafiyarsa ta Kudancin Amurka har yana ganin kusan zaka iya sanin lokaci da ita. Don haka inda allura ta dosa da saurin da take yi, su ake kallo.

Mutumin da ya fi kowa dagewa akan wannan shi ne Robert FitzRoy, kuma ina son labarinsa duk da yana sosa min rai. Shi ne kyaftin ɗin jirgin ruwan Beagle da ya ɗauki Charles Darwin, a 1854 aka bashi sabon ofishin kula da yanayi na Birtaniya, wanda ya zama hukumar hasashen yanayinsu ta yau. A Oktoban 1859 wata guguwa ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar Anglesey, ya taso tun daga Ostareliya saura ƙiris ya isa Liverpool, mutum sama da 400 suka halaka. FitzRoy yace wannan ana iya hango shi, ya sa aka dinga aiko masa da karatun baromita daga tashoshi ta wayar tangaraho, a 1861 ya fara sa a ɗaga alamun gargaɗi a bakin teku, ran 1 ga Agusta na shekarar kuma hasashensa ya fara fitowa a jaridar The Times. Ya kuma sa aka kakkafa baromita a ƙauyukan masunta, talakawan da basu da halin saye, don mutum ya duba kafin ya tura kwalekwalensa. Aka yi ta masa ba'a duk ranar da hasashe ya kuskure, masu jiragen da gargaɗinsa ke hana wa fita suna jin haushinsa, ga bashi ga rashin lafiya, a 1865 ya kashe kansa. In kana bin gwanjo zaka yi ta cin karo da dogayen baromita masu takarda a bayan gilashi da sunansa a sama, ka sani yawancinsu bayan mutuwarsa aka yi su, da yawa kuma aka yi don gidajen masu matsakaicin hali. Wasu masu tarawa suna raina su. Ni ina da ɗaya, takardar ta yi ja tana da tabon ruwa a ƙasa, kuma nakan tsaya in karanta bayanan jikinta, canjin da ya zo a hankali yakan daɗe, wanda ya zo farat ɗaya yakan wuce da wuri.

Sauran kayan yanayi ban zurfafa ba sosai. Ina da ma'aunin danshi mai gashin mutum, dabarar da de Saussure ya fito da ita a 1783, gashi yana miƙewa in akwai laima ya tsuke in an bushe, da kuma ma'aunin zafi irin na James Six mai ajiye maka mafi zafi da mafi sanyi na yini. Wanda nake mafarki shi ne ƙwallon gilashin nan na Campbell da Stokes mai tattara hasken rana ya ƙona layi a jikin kati, ka auna tsawon ƙunar ka san awa nawa aka yi rana, sau biyu ina tayawa ana wuce ni. Akwai ma wani likita George Merryweather da ya kai wata na'ura babban baje kolin Landan na 1851, matsattsaku goma sha biyu a kwalabe, in hadari ya taso su hau sama su taɓa wani abu ƙararrawa ta kaɗa. Wannan sai dai kwaikwayonta a gidan tarihi.

Game da gwanjon kansa abin da zan ce kaɗan ne. Kuɗin da guduma ta sauka akai ba shi zaka biya ba, akwai la'adar gidan gwanjo a sama, galibi tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, ga haraji, wani lokacin ga ƙarin kuɗin tayi ta intanet, ga ɗauko kaya, ga gyara wanda sau da yawa yafi kuɗin sayen. Ni a takarda nake lissafa duka in rubuta iyakata da biro in manna a gefen allon kwamfuta, tun ranar banjon nan ban sake tsallake ta ba. Ka nemi hoton baya da na ciki, ka tambayi ko ƙwaro ya ci katakon, ka kula da kalmomin katalog, in suka ce irin salon wane toh ba aikin wane bane. Kuma kada ka ruɗu da wadda aka goge tana walƙiya kamar jiya aka yi ta, ni na fi son in ga tsufanta.

Amma abin da ya sa na kafe akan sai mai motsi, barogiraf ɗina ne. Ita baromita ce mai rubutu, faya-fayan anaroyid ne aka jera kan juna, dogon hannu siriri da ɗan bakin alƙalami mai ɗigon tawada, da ganga mai agogo a ciki tana juyawa sau ɗaya a sati, duk a cikin akwatin gilashi da 'yar durowa a ƙasa ta ajiye takardu. Richard Frères na Faransa da Short & Mason na Landan sun yi su da yawa. Tawa babu suna ko ɗaya a jikinta, shi yasa ma ta zo hannuna, mutane suka tsallake ta. Duk Litinin da safe nake murɗa mata makulli in canja takarda in ɗiga tawada. Ran 15 ga Janairun 2022 dutsen nan mai aman wuta na ƙarƙashin teku a Tonga ya fashe, na ji a labarai na wuce abina, sai washegari naga masana suna cewa girgizar iskar ta bi duniya kuma ma'aunai a ko'ina sun kama ta. Na tashi da sauri na je gaban akwatin, na durƙusa na haska tocilar waya. Layin tawadar yana tafiya sumul abinsa kamar kullum, sai a wani waje ya yi wani ɗan tsalle sama ya faɗo ƙasa ya ɗan yi rawa sannan ya koma hanyarsa, duka-duka bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba. Tsigar jikina ta tashi. Dutse ya fashe a can wani ƙarshen duniya da ban taɓa zuwa ba, iska ta ɗauko bugun ta keto teku da ƙasashe ta shigo ɗakina ina barci ta danna waɗannan faya-fayan da wani ya like tun kafin a haifi kakana, su kuma suka rubuta. Haka aka yi a 1883 da dutsen Krakatoa mai aman wuta ya fashe, barogiraf na wancan zamanin suka nuna bugun ya zaga duniya fiye da sau uku, kenan irin layin da mutanen lokacin suka tsaya suna kallo shi nake kallo.

Na kira 'yata na nuna mata, tace Baba wannan ɗan ƙaramin? Nace shi fa. Ban jira Litinin ba, ranar na cire takardar na rubuta kwanan wata a gefe da fensir, tana cikin durowar ƙasa a tsakanin kwali biyu don kada haske ya cinye tawadar.

Sati mai zuwa akwai wani gwanjon, sun saka wata ƙaramar anaroyid ta aljihu irin wadda masu hawa duwatsu da masu safiyo suke riƙewa, da gidanta na fata duk ya sassaɓe, gilashin ma da alama akwai tsaga a gefe. Na rubuta musu nace a hau bene da ita daga ƙasa zuwa hawa na uku a faɗa min ko allurar ta motsa, ina jiran amsa.